Harafi na Tamanin da Ɗaya

Ka taɓa ƙirga haruffan da ke shiga layi ɗaya a baƙar tagar kwamfutarka? Tagar nan nake nufi da babu hoto babu ado, wadda ake rubuta wa na'ura umarni ta amsa da rubutu. Ƙirgawa da yatsa nake nufi, harafi bayan harafi. Ni da ban taɓa yi ba. Me zai kai ni? Na fito jami'a da sakamako mai kyau, kaina cike da dabaru, kuma abin da aka koya mana shi ne mai ilimi ba ya zama yana ƙirga abin da zai iya tambayar na'ura.

Kawuna ne ya samo mini aikin. Yayan mahaifiyata ne, a gidansa na tashi tun ina 'yar shekara shida. Ya yi shekara ashirin da tara yana kula da kwamfutocin wata babbar ma'ajiyar magunguna, ya roƙi Manaja ya ɗauke ni gwaji na wata uku. Kullum da safe a bayan tsohon babur ɗinsa nake zuwa, da yamma ya jira ni a bakin get mu koma tare. Shi ya fara kirana Injiniya, tun ina kwance rediyonsa ina kasa mayarwa. A wurin aiki kuwa shi Baba Tamanin ake ce masa, sai da na buɗe manhajar da ya rubuta na gane dalili.

Manhajar ita ke jera sunayen magunguna a allo, da ƙarfin kowanne, da ranar lalacewarsa. Ko allonka ya kai faɗin ƙofa, harafi tamanin kawai take ba ka a layi, layi ashirin da huɗu a shafi. Abin da ya wuce tamanin ta datse shi. Magani mai dogon suna sai ka ga lambar ƙarfinsa ta ɓace, masu jera kaya su tashi su je su duba kwali da ido. A saman wurin da ya kafa lambar, Kawu ya bar ɗan bayani irin wanda masu rubuta manhaja ke bar wa na bayansu: "Kada a tambaye ta faɗinta. A ba ta tamanin."

Na yi dariya ni kaɗai. Cikin kwana huɗu na rubuta gyara.

Matsalar ita ce na'urorin wurin iri uku ne, kowacce da yarenta. Na ofis, kana tambayar tsarinsu, wato babbar manhajar da ke tafiyar da na'ura, girman taga su faɗa maka. Na kan kantar sallamar masu karɓar kaya ma suna faɗa, sai dai da wata hanyar tambaya daban. Ta uku ita ce mai taurin kai: tsohuwar na'ura mai koren rubutu da ke ɗakin ƙasa, kusa da ɗakin sanyin da ake ajiye allurai. Ita idan ka tambayi tsarin, sai ya ce maka faɗi sifili, tsawo sifili. Bai ma san girmanta ba.

To, akwai dabara, kuma na ji daɗin kaina da na gano ta. Ka san ɗan ɗigon nan mai ƙyaftawa da ke nuna inda rubutu zai fita? Sai ka umarce shi ya tafi layi na ɗari tara da casa'in da tara, harafi na ɗari tara da casa'in da tara. Babu taga mai wannan girman. Ɗigon zai yi ta tafiya har ya bugi kusurwar ƙasa ta dama, ya tsaya. Sai ka tambaye shi, ina kake? Inda ya ce yake, nan ne iyakar tagar. Na ƙara da cewa manhajar ta riƙa maimaita tambayar duk bayan daƙiƙa biyu, ko da girman ya sauya. Tsabar ɗoki, a daren da na gama na ɗora ta a intanet kyauta, da sunana a sama.

A kan babur na ba Kawu labari, ina magana a kunnensa saboda iska.

Muka wuce shatale-tale biyu. Sannan ya ce, "Injiniya, kin tura abu ya je ya bugi bango ya dawo miki da labari."

"Haka ne, Kawu."

"In ya je bai tarar da bango ba fa?"

"Kai Kawu. Kowace taga ai da iyakarta."

"Iyakar da aka yi yarjejeniya a kanta, ko? Tamanin namu ne. Abin da ya wuce nan na maƙwabta ne. Ki bar ta ƙasan nan yadda na bar ta."

Na ce masa to. A raina na ce tsufa ne, da tsoron kada yarinya ta fi shi.

Ranar taron mako na nuna aikina a gaban kowa. Na haska tsohuwar manhaja a bango, na nuna magungunan da aka datse wa wutsiya. Na haska tawa, sunaye suka miƙe har ƙarshe. Da na tsaya nan da an rabu lafiya. Amma tafi ya shiga kaina. Sai na buɗe bayanin Kawu na karanta shi da ƙarfi, har da ɗan sauya murya: kada a tambaye ta faɗinta.

Ɗakin ya fashe da dariya. Wani ya ce, "Baba Tamanin, matarka ce ake ɓoye wa ƙiba?"

Kawu ya yi murmushi, ya cire tabarau yana gogewa da gefen riga. Bai dube ni ba.

Manaja ya buga biro a tebur. "Injiniya, saura ta ƙasa. Ita kaɗai ce dalilin da muke riƙe da dattijo, don babu mai iya lallaɓa ta sai shi. Ki gwada yau kafin ki tashi. In ta yi aiki, gobe in sa hannu a takardar tabbatar da ke, shi kuma ya je ya huta. Ya yi ƙoƙari."

Na ji abin da ya ce sarai. Kujera ɗaya ce, mu biyu. Ina da bakin da zan ce, yallaɓai, a ba ni mako guda. Abin da ya fita daga bakina shi ne, "To, yallaɓai."

Da la'asar na hango Kawu yana zuba kayansa a kwali: kofin shayi, abin sallah, wasu tsofaffin littattafai masu naɗaɗɗen gefe. Tun ba a gwada ba. Na bi ta wata ƙofar don kada mu haɗu.

Rana na gab da faɗuwa na karɓi makulli na sauka. Ma'aikata sun watse. Matakala goma sha ɗaya ce. Ɗakin ƙarami ne, taku huɗu daga ƙofa zuwa bangon dama, tebur ɗaya, kujera ɗaya wadda zaman Kawu ya lotsa. Akwai 'yar taga a can sama daidai da ƙasar waje, hasken magariba na shigowa ta ciki ja-ja. Warin kwali mai laima da na maganin goge ƙasa. Ta bayan bango injin ɗakin sanyi na gurnani. Wayar na'urar ta bi ƙasa ta tafi soket a bangon dama, an manne ta da baƙin salatif wanda ya sha shekaru.

Na zauna, na ɗora manhajata, na danna.

Ɗigon ya ɓace daga saman allo. Ya tafi kusurwa. A ƙasa amsa ta fito da koren rubutu: tsawo 24, faɗi 80.

Na saki numfashi. Har na ɗaga waya zan ɗauki hoto in tura wa Manaja.

Daƙiƙa biyu suka cika, manhajar ta sake tambaya.

Faɗi 81.

Na ce kuskure ne. Tsohuwar waya, ƙura, wani abu. Na matso da fuskata. Allon gilashi ne mai kumburi, girmansa ba ya sauyawa. Amma a gefen dama, inda da baƙi ne, akwai wurin harafi ɗaya da ban san shi ba. Na sa yatsa a gilashin. Sanyi ƙalau, kamar na taɓa ƙofar ɗakin allurai.

84.

Sunayen magunguna suka miƙe suka cike sabon wurin, yadda na tsara su yi. Aikina yana tafiya daidai. Abin da ya fi ba ni tsoro ke nan daga baya.

97.

Injin ɗakin sanyi ya yi shiru. Ban taɓa jin ya tsaya ba. A cikin shirun na ji wani sauti, siriri, daga damana. Salatif ne ke ɓanɓarewa daga ƙasa. A hankali. Kamar ana jan wayar.

Na danna maɓallan tsayar da manhaja. Babu abin da ya faru. Na sake. Sai na tuna. Ni da hannuna na toshe wannan hanyar, don kada abin da mutum ya danna ya gauraya da amsar ɗigo. Yayin da take jiran amsa, ba ta jin kowa sai mai amsawa.

130.

Iska ta taɓa kuncina na dama. Ɗakin ba shi da ƙofa ta wannan ɓangaren. Iskar na ɗauke da warin shayi mai zafi, da wani wari a ƙarƙashinsa, irin na rijiyar da aka daɗe da rufewa.

Na juya ido kaɗan, ba kai ba.

Bangon dama ba ya nan. Wato yana nan, amma can. Tayil ɗin ƙasa ya ci gaba, layi bayan layi, irinsa sak, har inda hasken 'yar tagar ya gaza. Wayar ta miƙe tsaf a iska kamar igiyar shanya, ta shige duhun.

212.

Sai na ji ana danna madannai.

Ba nawa ba. Hannuwana na kan cinyata. Daga can ciki ne. Taf. Taf taf. Irin dannawar mai yatsa biyu, wanda ya koyi aikin da girma.

A allon, bayan ƙarshen sunayen magunguna, rubutu ya fara fitowa harafi ɗaya-ɗaya.

wa ke tambaya

Addu'ar da na iya tun ina yarinya ta ɓace mini, farkonta kawai nake ta maimaitawa.

340.

ba muryarsa ba ce

Dannawar ta tsaya. Kujera ta yi ƙara, irin ƙarar da take yi idan mutum ya miƙe. Sannan taku. Ba takalmi. Tafin ƙafa mai laima a kan tayil, kuma tsakanin taku da taku akwai nisa, nisan da ƙafar mutum ba ta kai ba.

Na yunƙura zan tashi.

Hannu ya sauka a kafaɗata ta hagu. Mai ɗumi. Warin man babur.

"Kada ki dubi dama," Kawu ya ce da raɗa. "Dubi allo."

"Kawu, ta ƙi tsayawa."

"Na sani. Nawa?"

"Ɗari biyar da shida."

Ya ja numfashi ta hanci. "Ni a ɗari da tara na cire waya, wancan karon. Mu biyu ne a ɗakin nan lokacin. Teburinsa na dama."

Ban taɓa jin Kawu ya yi abokin aiki ba.

Takun ya matso. Ya tsaya. Wani abu yana numfashi a can sama, kusa da silin.

Kawu ya cire tabaransa ya sa mini a hannu. Ya kama wayar da ke miƙe a iska.

"Ki riƙa karanta mini lambar da ƙarfi. Da muryarki zan gane hanyar dawowa. Ko me kika ji, idonki a allo."

"Kawu, bari ni in je. Ni na..."

"Ke ba su san ki ba. Karanta."

Ya bi wayar. Ina jin takalminsa. Taku huɗu, inda bango ya kamata ya tare shi. Biyar. Goma. Ashirin.

"Ɗari shida da goma," na ce.

Talatin. Takun nasa ya fara nisa.

"Ɗari bakwai da arba'in."

Na ji muryarsa can ƙasa-ƙasa yana sallama, irin sallamar mai shiga gidan da ya san ya yi wa laifi. Na ji yana cewa yarinya ce, ba ta sani ba, 'yar ƙanwarsa ce. Wani abu ya amsa. Ba kalma ba ce. Gilashin allon ya yi rawa da ita.

"Ɗari takwas da casa'in."

Sai na tuna lambar da na ba ɗigon. Ɗari tara da casa'in da tara. Can na aike shi. Ban san abin da zai faru in ya isa ba.

"Ɗari tara da sittin. Kawu."

Na ci gaba da karantawa.

"Ɗari tara da tamanin da bakwai. Kawu, don Allah."

Allon ya mutu.

Duhu. Injin ɗakin sanyi ya tashi da gurnaninsa. Wani abu mai nauyi ya faɗi dab da ƙafata.

Na kunna fitilar waya. Bangon dama na nan, taku huɗu, da tsohon fentinsa. Kawu na kwance a gindinsa, filogi a dunƙule cikin hannunsa. Rigarsa jiƙe sharkaf, sanyi kamar an tsamo shi daga ruwa. Takalminsa ɗaya babu. Har yau ba a gan shi ba, a ɗakin da ba shi da inda abu zai ɓuya.

Ni na jawo shi matakala goma sha ɗaya. A bakin get na ga babur ɗinsa a kafe, kwalin kayansa ɗaure a baya. Ashe jirana yake yi, kamar kullum. Bayan abin da na yi masa a gaban mutane, ya ɗaure kwalin a gefe yadda zai bar mini wurin zama.

Likita ya ce shanyewar ɓarin jiki ce, hawan jini da shekaru. Ya ce ba sabon abu ba ne mai irin wannan ciwon ya daina ganin duk abin da ke damansa. Na gyaɗa kai. Sai dai ni na ga yadda Kawu ke kwanciya. Ya sa an jingina gadonsa da bango ta dama, kafaɗarsa na gogar siminti, kuma ko barci yake tafin hannunsa na kan bangon. Wanda ba ya ganin komai ba ya tsare gefe haka.

Washegari na shiga ofishin Manaja na ce masa gwajin bai yi ba, a bar manhajar Kawu yadda take. Ya dube ni ta saman waya.

"Tsohuwar na'urar ce ta ƙone, Injiniya, ba aikinki ba. Mun sayi sabuwa. Dattijo kuma kin ga ai jikin ya riga ya faɗa mana gaskiya." Ya turo takarda. "Sa hannu nan. Ki gaishe shi."

Na sa hannu. Dole wani ya ciyar da gidan da ya ciyar da ni. Yanzu ni ke zaune a lotsattsiyar kujerar, har an fara ce mini Tamanin Ƙarama, ana dariya, ina taya su.

Matar Kawu, wadda ta yi mini kitso shekara goma sha biyar, tana amsa gaisuwata a taƙaice ta shige kicin. Wani daga wurin aiki ya ba ta labarin taron, har da muryar da na yi. Shi Kawu bai taɓa tayar da zancen ba. Da ma ya zage ni. Idan na zauna a hagunsa, sai ya kama hannuna da hannun da ke aiki, bakinsa a karkace, ya yi tambaya ɗaya.

"Nawa?"

"Tamanin, Kawu."

Sai ya saki hannuna ya rufe ido.

Ƙarya nake masa. Na cire dabarar daga manhajar wurin aiki, na mayar da bayaninsa harafi da harafi. Amma makon jiya, a ɗakina, da rana tsaka, na buɗe baƙar taga a kwamfutata sabuwa fil. Na ja ta ta zama tamanin, na ƙirga da yatsa sau uku. Na tambayi tsarin, ya ce tamanin. Sannan, ban san abin da ya kai ni ba, na aiki ɗigon sau ɗaya tak.

Ya ce tamanin da ɗaya.

Na goge abin da na ɗora a intanet. Na makara. Kafin in goge, mutum dubu ɗaya da ɗari biyu sun kwafa, wasu sun zuba shi cikin nasu ayyukan sun cire sunana, wasu sun aiko mini da godiya. Wani ma ya rubuto cewa a wurinsa lambar na wuce daidai da ɗaya, ko na san dalili?

Saboda haka nake roƙonka. In kana rubuta manhaja, ko kana da ɗa ko ƙanwa mai rubutawa, ku buɗe ta yau tun da sauran rana. Ku nemi inda aka rubuta 999 sau biyu a jere. In kun samu, ku goge layin da na bayansa. Tsarin na'ura in ya faɗa muku girman taga, ku karɓa. In ya ce bai sani ba, kada ku aiki kowa ya dubo. Ku rubuta tamanin da hannunku, ku bar abin da ya datse ya datse.

In kuma akwai wani dattijo a wurin aikinku da ya bar bayanin da ya ba ka dariya, ka je ka same shi shi kaɗai, ka zauna, ka tambaye shi abin da ya gani. Ka yi haka kafin ranar taro.